Yadda Unguwa Za Ta Tare Shaye-Shaye Tun Kafin Ya Shigo Gida

Da zarar maganar shaye-shaye ta taso, abin da ake fara yi shi ne taron wayar da kai: a kafa lasifika, a nuna wa yara hoton huhun da hayaƙi ya cinye, a watse. Wannan ba ya hana komai. A Amurka an daɗe ana tura 'yan sanda ajujuwa a ƙarƙashin shirin DARE da aka fara a 1983, amma da aka bi sawun yaran, sai aka tarar ba su da wani bambanci da waɗanda ba su shiga ba. Ƙa'idojin rigakafi da Hukumar Lafiya ta Duniya da UNODC, ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi da laifuka, suka fitar a 2018 sun sa tsoratarwa da kawo tubabben mashayi ya ba da labarinsa cikin hanyoyin da ba sa haifar da ɗa mai ido. Yaro ɗan shekara 14 ba ruwansa da ciwon da zai zo yana ɗan arba'in, kuma in ya ga tubabben tsaye da ƙafarsa, abin da zai ɗauka shi ne ana sha a tsira.

Abin da ke aiki shi ne gyara yadda yaro ke wuni: wa ke tare da shi, me yake yi bayan an tashi makaranta, da kuma sauƙin samun kayan.

A fara da sanin gaskiyar lamari. A kafa kwamiti na mutum bakwai zuwa goma, da iyaye maza da mata, malamin makaranta, ma'aikacin lafiya, shugaban addini, mai kantin magani da matasa biyu. Aikinsu na farko shi ne raba takardar tambayoyi ga ɗalibai 'yan shekara 13 zuwa 16. Kada a rubuta suna, kada malamin ajin ya karɓa, kowa ya ninke ya jefa a akwati rufaffe. A tambayi abin da ya sha cikin kwana 30 da suka wuce, da inda ake samu. Sannan a tambayi abin da ya fi wannan muhimmanci: awa nawa yake zama da iyayensa a mako, sun san inda yake da dare, sau nawa yake zuwa wasanni ko koyon sana'a. Inda ake yin kuskure shi ne bayyana sakamakon aji guda. Yara za su gane juna, badi kuma ba wanda zai faɗi gaskiya. A haɗa na makaranta gaba ɗaya, a karanta wa iyaye cikin wata biyu ko uku, a kuma maimaita tambayoyin nan ba canji duk shekara ko shekara biyu.

Da wannan hanya ƙasar Aisilan ta bi. A 1998, kashi 42 cikin ɗari na 'yan shekara 15 da 16 sun ce sun bugu cikin watan da ya gabata. Zuwa 2016 adadin ya koma kashi 5, masu shan sigari kullum kuma suka sauko daga 23 zuwa 3.

Sai yarjejeniyar iyaye. Uba ɗaya ba zai iya da "ai su wane ma ana barin su" ba, amma iyayen aji guda in suka haɗa kai, maganar ta mutu. A rubuta sharuɗɗa huɗu ko biyar kowa ya sa hannu: lokacin dawowa gida, ba taron yara ba tare da babba ba, ba aiken yaro sayen sigari ko giya, kowa ya san abokan ɗansa da lambar iyayensu. In sharuɗɗan suka yi yawa, ba mai kiyaye su.

Awannin da ke tsakanin tashi makaranta da faɗuwar rana su ne kan gaba wajen haɗari. A cike su da ƙwallo, karatu ko sana'ar hannu, kamar sau uku a mako, a lokaci tsayayye, da babba guda da ke kiran suna yana lura da wanda bai zo ba. Fili ba mai kula, shi ne ke komawa wurin sha. Kada kuma a ware yaran da aka riga aka sani da shaye-shaye a tara su wuri guda, don juna za su ƙara koya wa. A raba su cikin sauran.

A gida, a ƙirga magunguna. Tiramadol, maganin tari mai kodin da ƙwayoyin barci irin su diyazifam a kulle su, ragowar a mayar kantin magani. Kwamiti ya fara zama da masu sayar da magani ba takardar likita, wanda ya ƙi ji a kai shi ga hukuma.

In an kama yaro yana sha, kada a yi masa magana yana cikin maye. A bari ya wartsake, a zauna ba a gaban ƙannensa ba, a faɗi abin da aka gani da ido: "Na ga kwalba biyu a jakarka, kuma kwana uku kana barci har rana ta take." Duka, ɗauri da kora ba sa raba shi da ƙwaya, sai dai su raba shi da gida. A kai shi ga ma'aikacin lafiya. Wanda ya daɗe yana shan giya ko ƙwayar barci kada a yanke masa farat ɗaya, domin yana iya kamuwa da jijjiga har ta kai ga rasa rai. Likita ne ke rage masa sannu a hankali.

Kowane ɗan kwamiti ya san alamun wanda kodin ko tiramadol ta yi wa yawa: ƙwayar ido ta tsuke kamar bakin allura, numfashi ya ja baya, minshari mai gurnani, leɓɓa su sauya launi, a girgiza shi bai farka ba. A kwantar da shi ta gefe, kada a ɗura masa ruwa, kada a sa shi amai, kada a bar shi wai barci zai warware. A nemi agajin gaggawa nan take. In akwai maganin naloksan, wanda ke karya ƙarfin irin waɗannan ƙwayoyi, a ba shi, amma ƙarfinsa na gushewa cikin minti 30 zuwa 90, don haka ko ya buɗe ido ya ce lafiyarsa ƙalau, a wuce da shi asibiti.