Wasiƙar Injiniya Wajen Neman Izinin Gini a Kano: Inda Masu Gida Suka Fi Tuntuɓe

Mai niyyar ɗora bene a Kano zai haɗa wa hukumar tsara birane ta KNUPDA takardun fili, da zanen gida, da zanen ƙarfin gini mai ɗauke da hatimi da sa hannun injiniya. Idan injiniya ya rubuta wasiƙa ya haɗa da su, abin da yake faɗa shi ne: ni na lissafa wannan gini, zai ɗauki nauyin da aka tsara masa, in ya sami matsala a nemo ni. Masu gida da yawa kuwa suna kallon wasiƙar a matsayin takardar da ake cika fayil da ita kawai, kuma daga nan sauran kurakuran suke tasowa.

Mafi yawa shi ne sayen hatimi. Mai gida ya ba ɗan kamasho zane, bayan kwana kaɗan ya dawo da shi an buga hatimi an sa hannu, alhali mai hatimin bai san ko a Ɗorayi filin yake ko a Hotoro ba. Gyaran ba wuya. Ka zauna da injiniyan ido da ido, ka karɓi cikakken sunansa da lambar rajistarsa ta COREN, wato majalisar da doka ta ɗora wa kula da aikin injiniya a Najeriya tun 1970, sannan ka tantance lambar a wurinsu. Ka tambayi lasisinsa na wannan shekarar, domin sabunta shi ake yi. Katin ƙungiyar injiniyoyi ta NSE ba ya maye gurbin rajistar COREN. Ka kuma duba fanninsa: injiniyan lantarki cikakken injiniya ne, amma ba shi ke lissafa fila (ginshiƙi) da dakin (shimfiɗar kankaren bene) ba. Haka mai zanen gida, wanda ARCON, majalisar masu zanen gine-gine, ke yi wa rajista, aikinsa tsara ɗakuna da iska da haske, ba yawan rodi ba. A Kano duk wanda ya sa hular kwano a wurin gini "Injiniya" ake kiransa, don haka kiran ba hujja ba ne.

Sai ka nemi lissafin kansa. Zanen ƙarfin gini da babu shafukan lissafi a bayansa, galibi kwafo shi aka yi daga wani gidan aka canza suna.

Akwai kuma ƙananan abubuwa da ke sa fayil ya yi ta kwana a ofis: sunan da ke kan wasiƙa ya saɓa da na takardar mallaka, ko lambar filoti ba ta dace da ta takardar safiyo ba, ko wasiƙa ta ce hawa ɗaya zane ya nuna biyu. Masu filin awon igiya su fara daidaita takardunsu a ma'aikatar filaye kafin su kashe kuɗi a kan zane. Jerin abubuwan da ake buƙata kuwa ka karɓo shi daga ofishin KNUPDA da kanka, kada ka dogara da na maƙwabcinka da ya yi gini shekarun baya.

Maganar ƙasa ta fi waɗannan nauyi. Birnin nan cike yake da tsofaffin kududdufai, ramukan da aka haƙi ƙasar gini tun zamanin kakanni, daga baya aka cike su da shara da ɓaraguzai aka yanka filaye. Daga sama fes, amma in ka haƙa mita ɗaya sai ka ci karo da leda da tsumma da baƙar ƙasa mai wari. Fandishon da zai tsaya lafiya a kan jar ƙasa mai tauri, a nan nutsewa zai yi sannu a hankali, sai ka ga tsaga ta taso a karkace daga kusurwar taga. Wasiƙar da aka rubuta ba tare da an gwada ƙasa ba, ko aƙalla injiniya ya zo ya duba ramin fandisho da idonsa, a ganina ba ta cancanci kuɗinta ba. Tsofaffin unguwa ma sun san inda kududdufi yake a da. Tambayarsu kyauta ce.

Daga nan sai canza gini bayan an sami izini. An amince da hawa ɗaya a sama, kasuwa ta yi kyau, Alhaji ya ce a ƙara ɗaya. Ko a rushe fila a ƙasa don shago ya yi faɗi. Dakin mai kaurin inci 6 yana da nauyin kusan kilo 360 a kowace murabba'in mita, wato na ɗaki mai mita 4 a 4 ya kusa tan 6, tun kafin a ɗora bulo. Tankin ruwa mai lita 1,000 tan guda ne cur. Tsohuwar wasiƙa ba ta ɗauki wannan nauyin ba. Dole injiniya ya sake lissafi, a mayar da sabon zane a nemi amincewa. Mutanen Kano ba su manta da benen da ya rufta ana cikin gininsa a titin Beirut a watan Agustan 2022 ba.

Wanda ya sayi tsohon gida yana son ɗora bene, shi ba sabon zane kaɗai yake buƙata ba. Sai an tona gefen fandisho an ga zurfinsa da faɗinsa, an gwada ƙarfin kankaren, an san rodin da ke ciki, kafin injiniya ya rubuta ko ginin zai ɗauka.

Kuskuren da ya fi ɓoyuwa shi ne a sallami injiniya ranar da izini ya fito. Zane ya ce rodi mai kaurin milimita 16, ɗan kwangila ya sa mai 12, ya ce, "Alhaji, shekara da shekaru muna zuba dakin da shi, ranka ya daɗe, ba abin da ya faru." Bambancin ba milimita huɗu ba ne kawai: ƙarfen da ke cikin mai 12 kaɗan ya haura rabin na mai 16. Da zarar an zuba kankare, ba mai sake gani. Saboda haka tun wajen ciniki ku rubuta cewa injiniya zai zo kafin a zuba fandisho, kafin a zuba filoli, da kafin kowane dakin. Ya ƙirga rodi, ya auna tazararsu, ya tabbatar an ɗaga su daga kan katako yadda kankare zai lulluɓe su, ya tsaya a kan haɗin siminti da yashi da tsakuwa. Shi zai faɗi ranar cire turakun da ke tokare da dakin, ba kafintan da ke son kai katakonsa wani aikin ba, domin sai kwana 28 kankare yake kai ƙarfin da aka lissafa. A zafin Kano, in ba a yi ta ba shi ruwa aƙalla mako guda ba, bushewa zai yi kafin ya yi ƙwari.

Kowace ziyara ya rubuta abin da ya gani, ya sa hannu da kwanan wata, kai kuma ka ɗauki hoton rodin da waya kafin a rufe. Ka ajiye kwafin zanen da aka amince da shi a wurin ginin saboda jami'an da ke zagayawa, na asalin kuma a gida tare da takardun fili.