Masu rubuta furojet, ku bar wa kwamfuta aikin lambobin babi

Assalamu alaikum 'yan'uwa, musamman ƙannenmu na Jami'ar Jos da ke fama da furojet.

Don Allah ku daina buga 1.1, 1.2, 2.1 da hannu. Ranar da malam ya ce a cusa sabon sashe a tsakiyar babi na 2, sai ka kwana kana gyara lambobi ɗaya bayan ɗaya. Abin yana ba ni tausayi.

A Word, danna kan taken babi, sai Ctrl+Alt+1, ya zama Heading 1, wato salon babban take da Word ke ganewa. Sashen da ke ƙarƙashinsa Ctrl+Alt+2, ƙaramin sashe Ctrl+Alt+3. Kada ka tsallaka daga 1 zuwa 3. Sannan shiga Multilevel List, wato wurin jera lambobi mataki-mataki, ka zaɓi samfurin da ke ɗauke da kalmar Heading. Lambobin za su jera kansu, in ka ƙara sashe ko ka cire su gyaru nan take.

Kaurara rubutu ko ƙara masa girma ba ya mayar da shi take. Idonka ne kawai ya ɗauke shi haka, manhajar da ke sauya fayil zuwa PDF ko HTML kuwa layi take gani kamar sauran.

Masu amfani da Pandoc, wata manhajar sauya fayil, ku saka umarnin --number-sections, amma ku fara goge lambobin hannu, in ba haka ba za ku ga "2.1 2.1" a jere.

Kafin ka kai shagon bugawa a Terminus, mayar da fayil ɗin PDF tun daga gida ka duba shi shafi-shafi.