Komawa aiki bayan rasuwar ɗa: yadda za ka yi ba tare da ka bar iyalinka su kaɗai ba

Ana yin kwana uku a naɗe tabarmin makoki, masu zuwa su ce "ya haƙuri, Allah ya sa mai ceto ne" su ragu, 'yan uwa na nesa su koma garuruwansu, to daga nan fa ainihin jarabawar take farawa. Mu a nan ba baƙon abu ba ne, binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cikin yara 1,000 da aka haifa a Najeriya 132 ba sa kai shekara biyar, kuma arewa ta fi kowa ɗaukar nauyin nan. Sai dai yawan faruwarsa ya sa mutane suna ɗauka kamar uba zai karkaɗe riga ya koma ofis ranar Litinin shikenan. Ba haka ba ne wallahi.

Da farko ka nemi hutu da bakinka, kar ka jira oga ya ga halin da kake ciki ya tausaya. Dokar ƙwadago ta Najeriya ba ta ware wani hutu na rasuwa ba, abin da ta tanada shi ne aƙalla kwana 6 na hutun shekara ga wanda ya cika wata 12 yana aiki, saboda haka yawanci magana ce tsakaninka da wurin aikinka. Ka rubuta a takarda, ka faɗi ranar da za ka dawo, ka nemi in zai yiwu satin farko ka riƙa tashi daga aiki da wuri. In ɗan kasuwa ne kai, a Kantin Kwari ko Singa ko ina ne, ka ba yaron shagonka ko ƙaninka amana na ɗan lokaci, ka riƙa leƙawa da rana ka dawo kafin magariba. Ke kuma 'yar uwa in jariri ne ya koma bayan haihuwa, jikinki bai san ya rasu ba, jego na nan, nono na zuwa, ki ci hutun haihuwarki cikakke kar kunya ta sa ki koma da wuri wai don ba ki da goyo.

Abin da ya fi damuna shi ne wannan: maza da yawa suna mayar da aiki wurin ɓuya. Mutum zai karɓi kowace tafiya, Abuja yau Legas gobe, ya zauna mitin har dare, ya biya majalisa sai ƙarfe goma sha ɗaya, mutane su ce kai wane akwai tawakkali, alhali gudun ɗakin nan yake yi, ɗakin da takalman yaron suke, da jakar makarantarsa, ya bar uwar ita kaɗai tana kallonsu daga safe har dare. Ita ma ɗanta ne ya rasu, kuma ita ba ta da ofishin da za ta gudu. Don haka ka sa wa kanka lokacin da ba ya taɓuwa, misali daga magariba zuwa isha kana gida, waya a aje, ku ci abinci tare. Ba dole sai kun yi dogon zance ba. In ta kawo sunan yaron kar ka yanke ta da "ki yi haƙuri mana, ya isa", ka bari ta faɗa, kai ma ka faɗi naka. Manzon Allah (SAW) da ɗansa Ibrahim yake barin duniya ya zubar da hawaye, ya ce ido yana hawaye zuciya tana baƙin ciki amma ba ma faɗin sai abin da Ubangijinmu ya yarda da shi. Shi da ya binne 'ya'yansa shida cikin bakwai, Nana Faɗima kaɗai ta rayu bayansa. To kukanka a gaban matarka bai rage maka imani ba.

Sauran yaran kuma kar a manta da su. Sun rasa ɗan uwa, sannan suna ganin iyayensu sun canza, wani zai fara fitsarin kwance, wani karatu ya ja baya. Ka kai su makaranta da kanka ko sau biyu a sati, ka sanar da malaminsu abin da ya faru, ka amsa tambayarsu da gaskiya daidai shekarunsu, kar a ce musu ya yi tafiya.

Sai maganar buri. Ba na cewa ka jefar da ƙarin girma ko digirin da kake nema, ci da iyali ma ibada ne kuma kuɗin asibiti wataƙila ya bar ka da bashi. Amma duk babbar shawara, irin ajiye aiki, karɓar taransifa zuwa wata jiha, sayar da gida don kar a riƙa tunawa, ko ƙaro aure, a jinkirta ta wasu watanni, zuciya mai ciwo ba ta iya lissafi. In damar ba za ta jira ba, ku zauna da matarka ko mijinki ku auna: tafiyar kwana nawa ce a wata, wa zai zauna da yara, za a iya tafiya tare? In amsar ita ce za ka bar gida babu kowa a wannan lokacin, ni dai shawarata ka bari ta wuce, ka gaya wa oga ƙarara cewa kana so a sa ka a layi na gaba.

A ofis ka rage wa kanka kaya, ka riƙa rubuta komai saboda mantuwa tana yawa a irin wannan hali, aikin da ya shafi kuɗi ko tuƙi mai nisa ka sa wani ya duba maka. In kuma an haura wata shida har yanzu ba barci, ba cin abinci, ba ka iya aiki, ko tunanin cutar da kanka yana zuwa, wannan ya wuce a ce sai haƙuri, Hukumar Lafiya ta Duniya ma ta sa irin wannan dogon baƙin cikin a jerin cututtuka. A haɗa addu'a da ganin likita, akwai sashen lafiyar ƙwaƙwalwa a Asibitin Malam Aminu Kano, akwai asibitin ƙwaƙwalwa na Barnawa a Kaduna, da na Kware a Sakkwato, da na Maiduguri. In tunanin cutar da kai ne kar a jira wata shidan, a tafi a ranar, kuma ku je ku biyu in ya samu.