Darasi na 9: Idan Gidan Gaban A-kori-kura Yana Yoyo

Damina a Legas tana da tsawo. Ruwa yakan kankama tun watan Afrilu, ya yi ƙarfi a Yuni da Yuli, ya ɗan tsagaita a Agusta, sannan ya dawo a Satumba da Oktoba. Abin da ke sauka a shekara guda ya kusa ninka na Kano sau biyu. Shi ya sa tsohuwar a-kori-kurar da ta yi shekaru a Arewa ba a taɓa jin ta da yoyo ba, tana zuwa Legas sai asirinta ya tonu. Rana da iskar hunturu sun riga sun busar da robobinta can gida, sun tsattsage su. A nan kuma ga ruwa kullum, ga iskar teku mai gishiri da ke saurin kawo tsatsa.

Da yawa daga cikinmu da irin waɗannan motoci muke neman abinci. Wani Peugeot 504 ce gare shi, irin wadda aka riƙa haɗawa a da a masana'antar Kaduna da ta fara aiki a 1975. Wani tsohuwar Hilux. Ana ɗaukar tumatur da albasa daga kasuwar Mile 12 a kai Agege, ko Idi Araba, ko Obalende. Kaya a baya an rufe su da tamfol, suna lafiya lau. Direba a gaba kuwa ƙafarsa tsamo-tsamo cikin ruwa.

Kada ka ɗauki wannan ƙaramin abu. Ruwan da ya kwana ƙarƙashin kafet yana cin ƙarfen ƙasan mota a hankali, har wata rana ka hango kwalta ta tsakanin ƙafafunka. Yana jiƙa wayoyi da akwatin fiyus, fitila ta riƙa ɗaukewa ba dalili. Gilashi yana yin hazo ta ciki, ka kasa ganin gabanka a kan hanyar Ikorodu da asuba. Ga kuma wari.

Inda ka ga ruwa ba nan ya shigo ba

Wannan shi ne kan darasin. Ruwa yana shiga ta wuri ɗaya, ya bi jikin ƙarfe ko waya ya gangara, ya ɗigo a wani wuri daban. Wani direba ya ga ruwa a ƙarƙashin ƙafarsa, sai ya sayo gam ya shafe gefen ƙofa kaf. Washegari aka yi ruwa, ya tarar da tafki kamar jiya. Ya bar jaki yana dukan taiki. Da ya kai wa mai gyaran bodi, dattijon bai ko kalli ƙofar ba. Ya ce da shi, "Malam, buɗe min bonet tukuna."

Kafin ka kashe ko kwabo, ka tabbatar ruwan sama ne. Ka taɓa shi, ka sansana. In yana da santsi da ɗan ƙamshi mai zaƙi-zaƙi, ruwan lagireto ne ya ɓalle ta bayan dashbod, wannan aikin bakanike ne. In kuma sai ka kunna na'urar sanyi yake ɗiga, ƙaramin tiyon da ke fitar da ruwanta ne ya toshe.

Gwaji da buta

Mutum biyu ake bukata, kai da yaron motarka. Ka zaɓi ranar da gari ya washe. Ka fitar da kafet da duk wani tsumma, ka goge ƙasan motar ya bushe ƙayau. Ka shiga ciki da tocila, ka rufe ƙofofi da gilasai. Yaron yana waje da buta, ko tiyo idan akwai famfo.

Daga ƙasa ake farawa, a hau sama. In ya fara zuba ruwa a rufi, ruwan zai bi ko'ina, ba za ka gane komai ba. Ya fara da ƙasan ƙofa, ya daɗe yana zubawa a hankali kamar yadda ruwan sama ke sauka. Sai ya tsaya ya tambaya, "Maigida, ka gani?" In ka ce a'a, ya matsa sama kaɗan: gindin gilashin gaba, gefensa, gilashin ƙofa, gilashin baya, daga ƙarshe rufi. Kowane wuri a ba shi minti 2 ko 3. Yara suna da gaggawa, sai ka riƙa ce masa ya dakata. Da zarar ka ga ɗigon farko, ka bi sawunsa da tocila zuwa sama, ka yi alama da alli.

In yoyon ƙarami ne ƙwarai, ka barbaɗa hoda a wurin da kake zargi. Ruwa zai bar layi a cikinta kamar sawun maciji a rairayi.

Magudanar gindin gilashi

A tsakanin gilashin gaba da bonet, inda abin goge gilashi yake zaune, akwai wani faranti mai ramuka. Ƙarƙashinsa kwali ne na ƙarfe kamar kwatami. Duk ruwan da ya gangaro daga gilashi nan yake zuba, ya fita ta ƙananan kafofi a hagu da dama, ya sauka ta bayan taya. Ta cikin kwalin nan kuma iska ke shiga gidan gaba.

To, motar da ke yini a kasuwa me da me ba ya faɗawa nan? Ɓawon albasa, ganye, guntun leda, ƙura. Su haɗu su zama taɓo, su toshe kafofin. Ruwa ya taru ya rasa hanya, sai ya bi kafar iska ya zubo kan ƙafar direba ko mai zama kusa da shi. Abin da dattijon nan ya tarar ke nan: ya zura hannu ya kwaso taɓo cike da tafi biyu, har da tsiron tumatur a ciki.

Gyaran ba ya cin kuɗi. Ka kwance farantin da sukurdireba, ka kwashe dattin, ka zura waya mai laushi cikin kafofin, ka bi da ruwa. In ka ga ruwan yana zuba ƙasa ta bayan taya, hanya ta buɗe. Ka haska tocila ka duba ko tsatsa ta huda kwalin. In ta huda, sai walda.

Ƙofa

An yi ƙofar mota ne da sanin ruwa zai shiga cikinta ta gefen gilashi. Saboda haka aka bar mata ramuka a ƙasa don ya fita. Ka buɗe ƙofar ka girgiza ta. In ka ji ruwa yana motsi, ramukan sun toshe, ka tsokale su da tsinke. Na sha ganin wanda ya liƙe su da gam wai yana maganin yoyo. Shi ne ya mai da ƙofarsa tulu.

A bayan kwalin ƙofa akwai leda da aka manna. Ita ce ke hana ruwan cikin ƙofa tsallakowa ɗaki. Masu gyaran gilashi da masu saka sifika sukan yage ta su jefar. In babu, ka yanka leda mai kauri ka manna.

Robar da ta kewaye ƙofa kuwa da takarda ake gwada ta. Ka sa takarda a bakin ƙofa, ka rufe, ka ja. In ta zame ba wuya, robar ba ta kamawa a nan. Ana samun sabuwa ko ta hannu a kasuwar Ladipo da ke Mushin. Ka tafi da guntun tsohuwar a aljihu don a gwada, domin kowace mota da irin bakinta. Wani lokaci ma robar lafiyarta ƙalau, ƙofar ce ta sauka saboda tsufa, sai a ɗaga ta.

Gilashin gaba da zancen gam

Ka ɗaga bakin robar gilashi a kusurwar ƙasa da ɗan itace, ba da ƙarfe ba. In ka ga fenti ya kumbura ko ja-ja ya bayyana, tsatsa ce a ƙarƙashi. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Nan babu gajeriyar hanya. A cire gilashin, a kankare tsatsar da samfefa har farin ƙarfe ya fito, a yi walda in akwai rami, a shafa jan fenti ya bushe, sannan a mayar da sabuwar roba. Kada ka yarda a cika ramin da bodi-fila kawai, wato ƙullin da masu gyaran bodi ke cike lotsa da shi. Tana shan ruwa, kafin damina ta zagayo ta ɓamɓare.

Gam kuma iri-iri ne. Silikon ɗin da ake liƙe tagar gida da shi, mai warin tsami da ke hawa hanci, bai dace da ƙarfen mota ba. Tsamin nan yana ƙara tsatsa, fenti kuma ba ya kama shi. Ka ce wa mai shago kana son baƙin gam na gilashin mota. Kowane iri ka samu, ba ya kama wuri mai danshi ko maiƙo. A wanke, a bushe, sannan a shafa siriri.

Da shi za ka bi indararon da ke gefen rufi, in tsohon liƙinsa ya tsage. Haka gindin eriya, da duk ramin da aka huda don fitila ko ƙarfen ɗaura kaya. Ka leƙa ƙarƙashin dashbod ma, inda wayoyi ke ratsowa daga wajen inji. Kowane rami yana da 'yar robarsa, masu gyaran waya sukan cire su manta.

Bayan gyara ka bar gam ɗin ya kwana, sannan a sake gwajin buta daga ƙasa zuwa sama, don tsohuwar mota takan yi yoyo ta wuri biyu ko uku. Kafet kuwa kada ka mayar sai ta sha rana ta bushe har ciki, musamman audugar da ke ƙarƙashinta.

Aikin gida

Ka rubuta sunayen wurare 3 da ka duba a motarka ko ta maigidanka, da abin da ka tarar a kowanne. Ka zo da takardar aji mako mai zuwa, tare da guntun tsohuwar roba in ka samu, mu duba ta tare.