Yadda zaka buɗe shafi a Blogger ko WordPress ba tare da ka faɗa ramin da 'yan koyo suke faɗawa ba

Akwai wani ɗan ƙanin babana da yake da tebur a Kantin Kwari, atamfa da leshi yake sayarwa. Ya ga abokan kasuwarsa kowa sai cewa yake shafina kaza shafina kaza, shi ma ya tashi ya je wani kafe a unguwarsu ya ba yaron wajen kuɗi yace a buɗe masa. Aka buɗe, aka zuba hotuna har da farashi da lambar waya, kuma wallahi abun ya karɓe shi don har daga Jos da Maraɗi an kira shi. Bayan 'yan watanni yaron ya bar kafen ya bar garin ma gaba ɗaya, layinsa baya shiga. Ranar da kaya suka tashi yazo gyara farashi sai aka ce ya sa kalmar sirri. Wace kalmar sirri? Ashe da imel ɗin yaron aka buɗe komai. Har yau shafin yana nan da tsohon farashi, mutane su kira shi su yi ta masifa wai ya rubuta kaza yanzu kuma yana cewa kaza.

Toh daga nan zamu fara, don yawancin ɓarnar tun ranar farko ake yinta, kafin ma a rubuta ko harafi ɗaya.

Da farko imel ɗinka, da hannunka

Ko wani zai taimaka maka, ka tabbata kai ka buɗe Gmail ɗin, kai ka zaɓi kalmar sirrin, kuma lambar wayarka ce a ciki. Lambar ma ba kowace ba, wadda kake amfani da ita kullum kuma take haɗe da NIN ɗinka, ba wani layi da ka siya don garaɓasar data ka jefa a durowa ba. Layin da aka daɗe ba a amfani da shi kamfani yana ƙwacewa ya sayar wa wani, ranar da ka manta kalmar sirri kuwa can zasu tura lambar tabbatarwa, kaga kenan ta tafi wayar mutumin da baka taɓa gani ba. Ka kunna tabbatarwa mai mataki biyu, wato bayan kalmar sirri sai an ƙara tabbatarwa ta wayarka kafin a shiga, sannan ka rubuta kalmar sirrin a takarda ka ajiye inda kake ajiye takardun makaranta ko na gida. Nasan wasu zasu ce ai rubutawa haɗari ne, amma ni a ganina a garin nan wanda ya manta ya ninka wanda aka sace wa takarda sau nawa. Kuma in zaka kai waya gyara kasuwar waya ta Farm Centre ka fita daga akawun ɗinka tukuna.

Wani abu kuma, tun Disamba 2023 Google suka fara aiki da ƙa'idar cewa akawun ɗin da ya shekara 2 ba a shiga ba suna iya goge shi. Don haka imel ɗin da ka buɗe shafi da shi ba na buɗewa a manta bane.

Sai zaɓen inda zaka zauna

Anan mutane suke ruɗewa. Blogger na Google ne, tun 1999 yake, Google suka siye shi a 2003, kyauta ne kuma adireshinka zai ƙare da blogspot.com. WordPress kuwa iri biyu ne kuma da yawa basu sani ba. Akwai WordPress.com inda zaka yi rajista kawai su baka waje, akwai tsarin kyauta akwai na kuɗi. Akwai kuma WordPress.org, wannan manhaja ce kyauta amma kai zaka nemi inda zaka ɗora ta ka dinga biyan haya duk wata ko duk shekara. Ɗan koyo zai kalli bidiyo a YouTube ana koyar da na biyun shi kuma na farkon ya buɗe, sai yayi ta neman maɓallin da babu shi har ya zaci wayarsa ce ta lalace. In ɗan shafi kawai kake so na makarantar Islamiyya ko shagon ɗinki, wanda ba kullum za'a dinga sabon rubutu ba, Google Sites ma ya isheka.

Shawarata ka fara da na kyauta. Kar ka kashe kuɗin siyan suna na .com ko .com.ng a satin farko alhali baka san ko zaka kai wata uku kana rubutu ba. Sunan haya ne, duk shekara ake sabuntawa, in ka bari ya ƙare wani yana iya ɗauka. Masu ƙarewa da .ng ƙungiyar NiRA ce take kula da su, ta hannun dillalan da ta amince da su ake siya, kuma nan ma dai maganar ɗazu ce, da sunanka da imel ɗinka za'a yi rajistar.

Suna

Gajere, wanda zaka faɗa wa mutum a adaidaita sahu ya riƙe kafin ya sauka. Banda dogayen lambobi, banda shekarar haihuwarka. Kuma kar ka ɗauki sunan wata babbar jarida ko gidan rediyo ka ƙara masa harafi ɗaya don mutane su zata su ne, kayan aro baya rufe katara, ranar da suka kai ƙara za'a sauke ka.

Kwalliyar shafi

Nan ne inda nima na ɓata sati biyu cur. Ɗan koyo yana ganin kwalliya sai ya rikice, baƙin bango da jan rubutu, agogo yana juyawa a gefe, rubutu yana gudu daga dama zuwa hagu, wani ma har da waƙa ko karatu da yake tashi da kansa da zarar an buɗe, mutum yana zaune a masallaci ko ofis sai waya ta kama ihu. Duk ka bar wannan. Farin bango, baƙin rubutu mai ɗan girma, shikenan.

Ka tuna waye zai karanta ka. Ba mai laftof a ofis mai AC bane, mutum ne da ƙaramar Android ta hannu, gilashin ma ya tsage, datar ɗari biyu ya sa, sabis yana zuwa yana ɗaukewa, caji saura kaɗan kuma ba wuta. In shafinka ya tsaya yana juyi zai fita ya koma TikTok. Google ma kansu yanzu yadda shafi yake a waya suke dubawa wajen jera shi a sakamakon bincike. Sannan ka kiyayi tsarin kwalliya na kuɗi da ake rabawa kyauta a guruf ɗin WhatsApp ko Telegram wai an fasa shi, sau da yawa an cusa wani abu a ciki, sai kaga mai karatu ya danna labarinka an wurga shi shafin caca ko na batsa, kai kuma sunanka ne a sama.

Yanzu rubutun kansa

Kar ka kwafo daga Word ko WhatsApp ka liƙa kai tsaye. Na Word yana zuwa da tarkacensa, wani layi babba wani ƙarami, na WhatsApp kuma yana zuwa da taurarin nan da ake sawa don rubutu yayi kauri, a shafi sai su fito tsirara. In a kwamfuta kake ka danna Ctrl da Shift da V tare, zai liƙa rubutun zalla. Ka dinga yanka sakin layi gajeru, don abunda kake gani layi huɗu a kwamfuta a waya ya cika fuska.

Maganar ƙ da ɗ da ɓ kuma, dan Allah ka sa su. Gboard yana da Hausa, ka shiga wajen harsuna ka ƙara ta, minti ɗaya ne. Bari da ɓari ba ɗaya bane, haka kafa da ƙafa, mai karatu bai kamata ya tsaya yana canka ba. Amma waje ɗaya ne banda, wato adireshin rubutun. In harafin ƙ ya shiga cikin adireshi, idan aka kwafa aka tura sai ya koma %C6%99, adireshin yayi tsawo yayi muni kamar na 'yan damfara har mutane su ji tsoron dannawa. Don haka a take ka rubuta da ƙugiya, a adireshi ka sa k da d da b na kullum. A Blogger wajen yana gefe an rubuta Permalink, ka gyara shi kafin ka wallafa, don in ka canza daga baya duk wanda ka riga ka tura wa tsohon zai tarar babu komai.

Take kuma ya faɗi abunda yake ciki. Wannan salon na "Innalillahi kalli abunda ya faru a Kano yanzun nan" sannan a shiga a tarar ba komai, sau ɗaya zaka ci mutum da shi. Wanda yake neman yadda ake dambun shinkafa abunda zai rubuta a Google kenan, to kai ma haka zaka sa.

Hoto, wanda shine babban mai cin data

Hoton da wayar yanzu take ɗauka ɗaya sai ya kai megabait 3 ko 4 ko fiye. Ka sa guda goma a shafi ɗaya kaga ka ci wa mutum wajen megabait 40 don kawai yaga kalar atamfa. Kafin ka ɗora ka rage shi, faɗin fiksel 1200 ya isa, ka bi da shi ta TinyPNG ko Squoosh, duk kyauta ne, sai ya dawo ƙasa da rabin megabait kuma ido bazai gane bambanci ba. Bidiyo kuwa ka ɗora a YouTube ka jawo shi cikin shafin.

Kuma ka ɗauki naka. Hasken safe a bakin ƙofar shago ya fi fitilar cikin rumfa fito da kalar yadi, ɗan uwan nan nawa mai atamfa ne ya koya min. Hoton da ka gani a Google yana da mai shi. Haka hoton mutane, musamman na biki, matan aure da 'yan mata da yara, kar ka ɗora sai da izini, a garin nan ka san abunda hoto ɗaya yake iya jawowa a gidan aure. Lambar wayar wani, katin shaidarsa, takardar asibitinsa, duk ba naka bane da zaka baza, akwai ma dokar kare bayanan mutane da aka sa wa hannu a 2023.

Kwafe

Wannan ita ce cutar da ta fi kama shafukan Hausa. Mutum ya shiga BBC Hausa ko Aminiya ya kwashe labari tas ya liƙa, ko ya ɗauko littafin da marubuciya ta kwana tana bugawa a waya tana sayarwa, ya zuba kyauta don ya tara masu shiga. Banda haƙƙi da ka ɗauka, abun ma baya biya. Google ya riga yaga na asalin, shi zai fifita. Sannan Blogger da WordPress.com kamfanonin Amurka ne, suna bin dokar haƙƙin mallaka ta can mai suna DMCA ta 1998, mai abu yana cike fom za'a iya sauke rubutun, in abun yayi yawa a rufe shafin duka. Nan gida ma akwai sabuwar dokar haƙƙin mallaka da aka sa wa hannu a 2023. In labarin wani ya burge ka, ka faɗe shi da bakinka, ka ambaci inda ka samo, ka sa adireshinsu.

Ji-ta-ji-ta ita ma haka. Saƙo ya zo a guruf wai an kama wane ko wance ta yi kaza, kar ka ɗora don kawai ka riga kowa. Dokar laifukan intanet ta 2015 wadda aka yi wa gyara a 2024 tana nan, kuma an sha kama mutane da sashe na 24 akan abunda suka wallafa.

Maganar dala

Na san da yawa don AdSense suka shigo, wato tsarin Google na sa talla a shafinka su dinga biyanka. To ka sani sai ka kai shekara 18, sai shafin yana da rubutu naka na kanka mai ɗan yawa, da shafin da ya faɗi ko kai waye, da yadda za'a same ka, da bayanin sirrin masu ziyara. Suna da jerin harsunan da suke karɓa, Turanci da Larabci suna ciki, lokacin da na duba ban ga Hausa ba, don haka ka leƙa da kanka kafin ka ɗora buri. In sun karɓe ka, idan kuɗin ya kai dala 10 zasu aiko da lambar PIN a takarda ta gidan waya, kenan adireshin "bayan gidan mai unguwa" bazai yi ba, ka sa inda wasiƙa zata iya zuwa da gaske. Basa biya kuma sai ya kai dala 100.

Babban kuskure shine danna tallan da kanka, ko ka ce wa 'yan majalisarku kowa ya shiga ya danna maka. Suna gani. Waya goma daga unguwa ɗaya kullum bayan isha'i, ai ko yaro ya gane. Rufe akawun ɗin zasu yi da kuɗin a ciki. Masu tallar "AdSense da aka riga aka amince" a Facebook su ma ka bar su da kayansu.

Ajiye kwafi

Gidan haya kake ciki, mai gida yana iya tashinka. GeoCities da miliyoyin mutane suka yi shafuka a kai Yahoo ta rufe shi a 2009, Google+ ma an rufe a 2019. A Blogger ka shiga Settings ka nemi Back up content, a WordPress kuma Tools sannan Export, ka sauke fayil ɗin ko sau ɗaya a wata ka ajiye a Google Drive, kana da gigabait 15 kyauta, wani kwafin kuma a filash. Hotunan asali su ma ka tara su a folda ɗaya.

Kafin ka danna wallafa

Ka danna Preview ka karanta da ƙarfi kamar kana karanta wa wani, nan zaka ji inda ka tsallake kalma. Ka danna duk wani adireshi da ka sa kaga yana buɗewa. In ka sa lambar WhatsApp ka rubuta ta da 234 a gaba ka cire sifirin farko, don na Nijar da Ghana da masu zama Saudiyya su iya samunka. In akwai farashi ka rubuta ranar da ka sa shi a gefe. Bayan ka wallafa ka haɗa shafin da Google Search Console, kyauta ne, shi zai nuna maka ko Google ya ganka da kuma kalmomin da mutane suke rubutawa su iso wajenka, kuma kar ka tada hankali in kwana biyu baka ga kanka a bincike ba, yana ɗaukar lokaci.

Sai gwaji na ƙarshe, wanda ni har yanzu nake yi. Ka kashe Wi-Fi, ka ari wayar da tafi kowace tsufa a gidanku, irin ta Hajiya ko ta ƙaninka, ka buɗe shafin da datarta. In ka ƙirga goma bai gama buɗewa ba ka koma kan hotunan nan ka ƙara rage su.