Yadda ake bibiyar ƙwayar magani a cikin tumbi da maganaɗisu

Duk wanda ya taɓa aiki a lab na magani ya san kofin gwajin nan mai ruwa mil 900 da zafin digiri 37, fanka na juyawa a hankali har ƙwaya ta narke. To amma tumbin mutum ba kofi ba ne, wanda ya kwana bai ci komai ba ruwan cikinsa ko mil 50 da wuya ya kai, kuma tumbin matsawa yake yana saki. Shi ya sa Werner Weitschies na jami'ar Greifswald a Jamus da masu bincike na cibiyar PTB ta Balin, wato cibiyar kimiyyar awo ta ƙasar Jamus, suka inganta hanyar bin ƙwayar tana cikin mutum, ba tare da hasken radiyeshan ba.

Da farko ka samu izinin kwamitin ɗa'a da sa hannun masu sa-kai, wannan ba a tsallake shi. Sai a haɗa ƙwayar da ɗan baƙin garin ƙarfe, wato E172 da dama ake sawa a magani don launi, miligiram kaɗan ya isa, a saka ta cikin maganaɗisu mai ƙarfi har ƙwayoyin garin su fuskanci waje guda. Ta zama ɗan ƙaramin maganaɗisu kenan.

Mutumin ya kwana da yunwa kamar awa 10, ya cire agogo, bel, makulli, waya, har ɗan kunne, don siginar ƙwayar ba ta da ƙarfi sam, ƙarfe ɗaya a aljihu ya isa ya ɓata aikin yini guda. Ya haɗiye ta da ruwa mil 240, a rubuta lokacin daidai, ya kwanta ƙarƙashin na'urar SQUID, mai iya jin maganaɗisu komai rauninsa, a ɗakin da aka kange daga maganaɗisun waje. Ita na'urar da ruwan hiliyam ake sanyaya ta zuwa wajen digiri 269 ƙasa da sifili.

Nan ne wajen da ya fi burge ni wallahi. Muddin ƙwayar na dunƙule siginar na nan daram, kwamfuta na nuna maka inda take, ko ta maƙale a maƙogwaro ko tana kwance a ƙasan tumbi ko ta tsallaka hanji, da ta fara farfashewa kuwa garin ya watse kowanne ya juya nasa gefen, sai ka ga layin siginar a kwamfuta ya yi ƙasa. Amma a kula, farfashewa kake gani, ba shigar magani jini ba, don haka a riƙa ɗibar jini a lokaci guda ana kwatantawa.

Wata rana a maimaita bayan karin kumallo mai maiƙo, kalori 800 zuwa 1000, ƙwayar da ba ta farfashewa da wuri tana iya yin awanni a tumbi kafin ta wuce. In babu SQUID ana amfani da MRI, na'urar ɗaukar hoton cikin jiki da maganaɗisu, garin ƙarfen yana fitowa baƙin tabo a hoton.