Yadda ake ɗanɗana shayin Pu'er a gane ko daɗewa na yi masa kyau

Duk wanda na zuba wa shayin Pu'er karon farko abu ɗaya yake yi: ya kurɓa, ya yamutsa fuska, ya waiwaya yana neman sukari. Yau ba da su nake ba. Da kai nake, wanda ka je Guangzhou sarin kaya, wani ya ja ka kasuwar shayi ta Fangcun, ka dawo da faifan matsattsen ganye biyu ko uku da aka ce maka ƙara daɗi yake yi in ya kwana biyu. Ga shi shekara ta zagayo, ka rasa gane gaba yake yi ko baya.

Fara da takardar da aka naɗe shi. In ka ga 熟茶, wato shou, ka huta da wahala. Wannan an riga an nunar da shi da gangan, ta hanyar tara ganyen a jiƙa shi a lulluɓe har ya yi duhu, dabarar da aka fara a Kunming a 1973. Sha abinka kawai, canjin da zai yi nan gaba kaɗan ne. Wanda ake bibiya shekara da shekaru shi ne 生茶, wato sheng, ɗanyen. In kuma akwai lamba huɗu kamar 7542, to haɗi ne ke hannunka, wato ganye mataki-mataki da aka gauraya bisa tsari ɗaya. 75 na nufin a 1975 aka tsara haɗin, 4 matakin ganyen da ya fi yawa a ciki, 2 kuma lambar masana'antar Menghai da ke lardin Yunnan. Mutane da yawa na ganin 75 su ɗauka shekarar da aka yi nasu faifan ke nan. Ina! Kusan kowace shekara ana sake buga haɗin. Ranar da aka yi naka tana bayan takarda.

Kasancewarsa haɗi yana da nasaba da yadda za ka ɓalle shi. Masu matsa faifan kan shimfiɗa kyawawan ganye masu toho a fuska, manyan su shige ciki. In ka kankari sama kaɗai, ba shayin ka ɗanɗana ba, kwalliyarsa ka ɗanɗana. Sa basilla ko siririyar wuƙa ta gefe, ka ɗaga a hankali yadda za ka samu sama da tsakiya da ƙasa a ɓalli ɗaya. Kada ka murmushe shi. Garin ganye ɗaci yake saki nan take, ya ɓata maka lissafi.

Sai awo. Ni giram 3 nake sawa a ruwa mililita 150, tafasasshe, in rufe minti 5 cif. Haka masu tantance shayi a Sin suke yi, kuma ba don daɗi ake yin sa ba, don aibi ya fito fili ne. Masu zuba giram 7 a ɗan ƙaramin kofi mai murfi suna tacewa bayan daƙiƙa goma sun fi mu shan daɗi, amma ta wannan hanyar ko shayin banza sai ƙwararren hannu ya rufa masa asiri. Sayi ɗan sikelin nan na masu gwal, bai kai kuɗin faifai ɗaya ba. Ruwa kuma ka tsaya kan iri ɗaya kullum. Ruwan rijiya mai zartsi ko na famfo mai warin magani zai sa ka zargi ganye da laifin da ba nasa ba. Ɗauraye ganyen da ruwan zafi sau ɗaya ka zubar kafin ka fara ƙirga minti. Batun sukari da na'a-na'a ba sai na faɗa ba.

Yanzu kurɓa, ka riƙe a baki, ka haɗiye, sannan ka yi shiru. Abu biyu ne za su zo maka, kuma sababbin shiga kan haɗa su wuri ɗaya. Akwai ɗaci, akwai bauri. Ɗaci a harshe ake jin sa. Bauri shi ne wanda ke ɗaure baki ya busar da dasashi kamar ka ci ɗanyar kanya. Duk wanda ya taɓa cin goro ya kora da ruwa ya san abin da ake nema: ɗacin nan da ke juyewa ya zama zaƙi a maƙogwaro, yawu ya tsinke. Sinawa na kiran wannan huigan. Duba agogo ka ga tsawon lokacin da juyin ke ɗauka. Shayin da ke tafiya daidai, bana ɗacinsa zai fi saurin sakin ka fiye da bara, baurin ya ragu, ruwan ya ƙara kauri a baki. Wanda ɗacinsa ya kafe bai juya ba, ko ya shaƙe maka wuya kana neman ruwa, shekaru ba za su gyara shi ba. Wanda kuma tun yana sabo ba ɗaci ba bauri, salam kamar ruwan wanke kofi, ba shi da abin da zai tsufa da shi.

Ga inda ni na yi ɓarna, kuma don shi na zauna rubuta wannan. Kada ka yanke wa shayinka hukunci da hunturu. Faifaina na farko shekara uku yana cikin durowa a Kano. Wata Janairu, lokacin da leɓe ke tsagewa, ƙofar katako na ƙara saboda bushewa, na ɓallo shi na dafa. Ganyen ya karye ƙaras kamar busasshiyar kuka. Na shinshina, babu komai. Na kurɓa, sai ɗan tsami da bauri, ruwan ba nauyi. Na ce an cuce ni, na haɗa ɗaya faifan na bai wa wani abokina da ke zaune a Fatakwal, don dai kada a zubar. Bayan shekara biyu na sauka gidansa ya dafa mini shi. Ruwan ya koma ja-ja kamar zuma, ƙamshin busasshen dabino na tashi, zaƙin ya bi ni har cikin mota. Na tambaye shi inda ya samo, ya yi dariya har da riƙe ciki.

Ganyen nan da laimar iska yake canzawa. Shi ya sa wanda aka ajiye a Hong Kong ko Malesiya ke saurin yin duhu, na Kunming mai busasshiyar iska kuma ya daɗe da ɗanyantakarsa. Hunturunmu ya fi Kunming bushewa nesa ba kusa ba, sai ganyen ya yi barci, ƙamshin ya ɓuya. Saboda haka ka tsayar da lokacin gwaji guda a shekara, ni na zaɓi ƙarshen Satumba, bayan ya sha iskar damina. In dole sai ka gwada da rani, ɓalli kamar giram 20 ka sa a gwangwani mai tsabta tare da ɗan fakitin laima irin na Boveda, ka ba shi sati biyu ya farfaɗo. Masu tsimi kan sa faifan a sabuwar kula da ɗan kofin ruwa a gefe. Yana yi, amma sai da na'urar auna laima a ciki, ka riƙe laimar tsakanin kashi 60 da 70 cikin ɗari. In ta haura sosai fumfuna za ka noma. Kular da ta taɓa ganin miya kuwa, ko kusa.

Ka rubuta komai a ranar, don harshe ba ya riƙe bara. Kwanan wata, launin ruwa, daƙiƙa nawa ɗaci ya ɗauka kafin ya juya. Ɗauki hoton kofin a kan farar takarda, wuri ɗaya, da hasken rana. Launi kan tashi daga rawaya mai kore zuwa ruwan gwal, zuwa ruwan goro, can gaba ya yi ja mai duhu. Ya kasance garau, in ya yi gurɓi akwai magana. Tunda ana buga haɗin kusan duk shekara, roƙi mai zuwa Sin ya taho maka da ɗan samfurin na bana ka dafa su gefe da gefe. Ba za su zo ɗaya sak ba, amma za ka ji tazarar.

Ganyen da ka tace, ja shi da yatsa. Mai lafiya yana da danƙo, wanda laima ta ci kuma narkewa yake yi. Warin hayaƙi na sabon shayi yakan tafi da kansa. Warin rumbu mai ɗanshi yakan ragu in an sha iska. Turaren wuta ne ba ya fita, don haka faifan da uwargida ta ajiye maka cikin sif ɗin kaya, ka haƙura ka dafa wa baƙi da sukari.